Garin da Annabi Yusha'u ya ci da yaƙi: Ariha ce ko Ƙudus, kuma da gaske ganuwar ta zube?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambaya yake cewa: "Malam, a wurin aikinmu akwai abokina Kirista da ya ba ni labarin birnin Yariko, wai zagaye shi aka yi kwana bakwai aka busa ƙaho sai katangar garin ta zube, ya ce min ai labarin yana cikin Alƙur'ani ma. Bayan nan kuma sai na ga wani bidiyo ana cewa masu tonon kufai sun haƙa wurin sun ce abin bai taɓa faruwa ba. To wanne zan kama?"

Toh ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka tambaya ba ka tsaya musu da abokin naka ba, domin wannan tambayar taka abu uku ne suka cakuɗe a cikinta, akwai abinda Alƙur'ani da hadisi suka faɗa, akwai abinda littafin Joshuwa, wato Yusha'u, na cikin Baibul ya faɗa, sannan akwai abinda aka tono a ƙasa, kuma yawancin rigimar da ake yi akan garin nan daga haɗa ukun a ƙwarya ɗaya take tasowa. Bari mu ɗauke su a hankali.

Garin dai yana nan har gobe. Larabawa suna ce masa Ariha, a Littafi Mai Tsarki na Hausa an rubuta Yariko, Turawa kuma Jeriko suke cewa, duk gari ɗaya ne. Yana Falasɗinu a Gaɓar Yamma, kusa da Kogin Urdun, kamar kilomita 10 arewa da Tekun Gishiri wanda Larabawa ke kira Bahrul Mayyit. Cikin kwari yake sosai, sama da mita 250 ƙasa da doron teku, shi yasa ake cewa duk duniya babu garin da ya kai shi gangarawa ƙasa, in ka taso daga Ƙudus tafiyar bata kai kilomita 30 ba amma gangaren da zaka yi ya fi mita 1000. Wuri ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama, abinda ya riƙe garin dubban shekaru wani marmaro ne guda ɗaya da ake kira Ainus Sulɗan, shi ke shayar da dabino da gonaki, har Attaura ta kira shi birnin dabino. Duk rundunar da ta ƙetaro Urdun daga gabas tana son hawa duwatsun Falasɗinu to a nan zata fara samun ruwa, kaga kenan dole ya zama garin farko da za'a fara karo dashi.

Yanzu ga maganar abokinka cewa labarin yana cikin Alƙur'ani. Ya yi daidai ta wani ɓangare, ta wani ɓangaren kuma bai yi ba. Ka duba Alƙur'ani daga Fatiha har Nasi ba zaka ga sunan Ariha ba, ba zaka ga busa ƙaho ko zubewar ganuwa ba, kai ko sunan Yusha'u ma ba'a ambata ba, a Suratul Kahfi aya ta 60 cewa kawai aka yi Musa ya ce wa yaronsa, hadisin Ubayyu bin Ka'ab da ke cikin Bukhari ne ya faɗa mana cewa yaron nan shi ne Yusha'u bin Nun. Abinda Alƙur'ani ya kawo shi ne abinda ya faru kafin cin garin da abinda ya faru a bakin ƙofa bayan an ci.

Na kafin yana Suratul Ma'ida aya ta 20 zuwa 26. Annabi Musa (AS) ya ce wa mutanensa ku shiga ƙasa mai tsarki da Allah ya rubuta muku kada ku juya da baya, suka ce ya Musa a cikinta fa akwai wasu mutane jabberai masu ƙarfi, mu ba zamu shiga ba sai sun fita. Sai mutum biyu daga masu tsoron Allah suka ce ku dai ku shigar musu ta ƙofa, in kun shiga ku ne da rinjaye, ku dogara ga Allah in kun kasance muminai. Jalalaini da ake karanta mana duk azumi ya ce mutum biyun nan su ne Yusha'u da Kalib. Amsar da jama'a suka bayar ita ce wallahi duk sanda na zo wurin sai jikina ya yi sanyi, suka ce kai da Ubangijinka ku je ku yi yaƙin mu muna nan zaune. Mutanen da suka ga teku ta tsage da idonsu fa kenan. Sai Allah ya haramta musu ƙasar shekara 40 suna ɗimuwa a daji, a cikin shekarun nan Annabi Haruna ya rasu, Annabi Musa ma ya rasu a zance mafi rinjaye, kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da ajalinsa ya zo ya roƙi Allah ya kusantar dashi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse, Manzon Allah (SAW) ya ce da ina wurin da na nuna muku ƙabarinsa a gefen hanya kusa da jan tudun rairayi. Akwai wani gini kusa da Ariha da ake kira Maƙamu Nabi Musa wanda Sarki Baibars na Mamaluka ya gina a 1269, mutanen yankin suna danganta shi da ƙabarin, amma hadisin bai ayyana wurin da suna ba saboda haka kada ka ɗauka an yanke.

Na bayan kuma yana Baƙara aya ta 58 da 59, an sake kawo shi a A'arafi 161 da 162. Aka ce musu ku shiga wannan alƙarya ku ci daga inda kuka so a yalwace, ku shiga ƙofa kuna masu sujada, wato a sunkuye cikin ƙanƙan da kai, ku ce "hiɗɗatun", ma'ana Allah ka sauke mana zunubanmu. Sai azzalumai daga cikinsu suka canza maganar, Abu Huraira ya ruwaito cewa shiga suka yi suna jan gindi a ƙasa suna cewa "habbatun fi sha'aratin", ƙwayar hatsi a cikin gashi, izgili kawai, sai azaba ta sauko musu daga sama. To wace alƙarya ce wannan? Nan ne sunan Ariha ya shigo tafsiri. Jalalaini ya ce Baitul Maƙdis ko Ariha, bai zaɓa ba. Ƙatada da Suddi sun ce Baitul Maƙdis, Ibnu Zaid ya ce Ariha, Ibnu Kasir kuma ya rinjayar da Baitul Maƙdis. Ni ma a nan na fi karkata, saboda hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito cewa ba'a taɓa tsayar wa wani mutum rana ba sai Yusha'u a lokacin da ya yi tafiya zuwa Baitul Maƙdis. Amma wanda ya ce Ariha shima ba daga iska ya ɗauko ba, ita ce a bakin hanya, kuma ita masu Attaura suka sani a matsayin garin farko.

Shi wannan hadisin na tsayar da rana ina so ka ji shi da tsawonsa don shi ne ya fi kusa da abinda abokinka ya sani. Annabi (SAW) ya ce wani Annabi daga Annabawa ya fita yaƙi sai ya ce wa mutanensa kada ya biyo ni duk wanda aka ɗaura masa aure amarya bata tare ba, da wanda ya yi gini bai yi rufi ba, da wanda ya sayi tumaki ko raƙuma masu ciki yana jiran haihuwarsu, kaga hikima, duk wanda zuciyarsa ta rataya a gida ba shi da amfani a fagen fama. Ya iso garin wajen la'asar sai ya ce wa rana ke umartarki aka yi nima umartata aka yi, ya Allah ka tsayar mana da ita, aka tsayar har Allah ya ba shi nasara. Malamai sun yi bayani cewa ranar Juma'a ce, in rana ta faɗi Asabar ta shiga kuma su ba'a halatta musu yaƙi ran Asabar ba. Aka tara ganima, a shari'arsu ba'a cin ganima wuta ce ke saukowa ta cinye alamar an karɓa, wuta ta zo ta ƙi ci. Ya ce akwai wanda ya yi gululu a cikinku, wato ya ɓoye wani abu daga ganima, kowace ƙabila mutum ɗaya ya zo ya min mubaya'a, hannun wani ya manne da nasa, ya ce a cikinku abin yake ƙabilarka duk su zo, hannun mutum biyu ko uku ya manne, sai ga shi sun fito da zinare kamar kan saniya, aka ajiye, wuta ta zo ta cinye. Annabi ya ƙarasa da cewa sannan Allah ya halatta mana ganima don ya ga rauninmu da gajiyawarmu.

To yanzu buɗe littafin Joshuwa. Sura ta 2 Joshuwa ya aika 'yan leƙen asiri biyu suka sauka gidan wata karuwa mai suna Rahab wadda gidanta a jikin ganuwa yake, ta ɓoye su, ta zura su ta taga da igiya, suka yi mata alƙawarin in ta ɗaura jan zare a tagar za'a bar ta da danginta. Sura ta 3 aka ƙetare Urdun. Sura ta 6 ita ce wadda abokinka ya ba ka, firistoci bakwai da ƙahonin rago suna gaban akwatin alkawari, wanda Alƙur'ani ya kira Tabut a ƙissar Ɗalutu, ana zagaya garin sau ɗaya kullum har kwana shida ba mai cewa uffan, rana ta bakwai aka zagaya sau bakwai aka busa jama'a suka yi ihu ganuwa ta zube. Sura ta 7 kuma wani mutum Akan ya ɓoye riga mai tsada da azurfa shekel 200, shekel awon nauyi ne nasu, da sandar zinare mai nauyin shekel 50 ya binne a cikin tantinsa, saboda haka da suka je wani ƙaramin gari Ai aka kore su har aka kashe musu mutum 36, aka yi ta tacewa ƙabila ƙabila gida gida har aka zo kansa. Ka ji yanda ya yi kama da hadisin gululu? Amma lura da wannan, tsayuwar rana a Baibul ba'a Yariko ta faru ba, tana sura ta 10 a yaƙin Gibeyon, inda sarkin Urushalima, wato Ƙudus, ne ya jagoranci sarakuna biyar. Masu wa'azi da yawa, namu da nasu, suna haɗe su kamar rana ɗaya ce.

Me musulmi zai yi da zancen ƙaho da ganuwa? Ƙa'idar da Ibnu Kasir ya kawo a gabatarwar tafsirinsa ita ce labaran Bani Isra'ila kashi uku ne, wanda namu ya gaskata mu karɓa, wanda ya ƙaryata mu bari, wanda kuma aka yi shiru a kansa ba mu gaskata ba mu ƙaryata, kuma ya halatta a ba da labarinsa, duk hadisan biyu suna Bukhari, na "ku ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi" da na "kada ku gaskata ma'abota littafi kada kuma ku ƙaryata su". Zubewar ganuwa tana kashi na uku. Wanda ya tsaga teku rushe ganuwar ƙasa ba komai bane a wurinsa, amma ba zaka hau mumbari ka ce Allah ya faɗa ba tunda bai faɗa mana ba. Abinda nake roƙo a daina shi ne tatsuniyar Uju bin Unuƙ da ake cusawa a tafsirin Ma'ida, wai ƙato ne da ke kamo kifi a ƙasan teku ya gasa a jikin rana, Ibnu Kasir ya yi watsi da ita tuntuni, jabberai dai mutane ne ƙarfafa masu garuruwa da ganuwa, su kuma waɗancan bayi ne da suka fito daga hannun Fir'auna tsoro bai gama fita daga zuciyarsu ba.

Akwai kuma aya ɗaya a surar ta 6 da ba zan tsallake ba, aya ta 21, inda aka ce an hallaka duk abinda ke garin, maza da mata, yara da tsofaffi, har shanu da tumaki da jakuna, Rahab da gidanta kaɗai aka bari. Wannan babu shi a Alƙur'ani babu shi a hadisin da na kawo maka, kuma shari'ar da aka aiko Annabinmu da ita ta hana kashe mata da yara a yaƙi, hadisin Ibnu Umar ne Bukhari da Muslim duk sun kawo. Su kansu malaman Kirista ayar ta daɗe tana musu nauyi, tun ƙarni na 3 Orijin na Iskandariya yake fassara yaƙoƙin Joshuwa da cewa yaƙi ne da zunubi a cikin zuciya. Yawancin Kiristan da zaka haɗu dashi in ya ce Yariko abinda yake nufi bangaskiya ce da biyayya, wasiƙar Ibraniyawa 11:30 ta ce ta bangaskiya ganuwar Yariko ta faɗi, shi yasa zaka ji a coci ana addu'ar Allah ya rushe "ganuwar Yariko" ta rashin lafiya ko rashin aiki. Rahab kuma Linjilar Matiyu ta saka ta a jerin kakannin Almasihu, wato baƙuwa mai mummunan suna ta samu shiga saboda imani. A Yariko ne ma Linjila ta ce Isa ya buɗe idon makaho Bartimawas, ya kuma sauka gidan Zakka mai karɓar haraji da ya hau bishiya don ya hango shi. Ka san wannan in zaka yi magana da abokinka, zai fi jin ka.

Sai maganar bidiyon. Tsohon garin wani tudu ne a bakin marmaron ana ce masa Tallus Sulɗan, ba dutse bane, gini ne kan gini, gidan ƙasa ya rushe a daddale a sake wani a kai har ya zama tsibi, kuma ƙarami ne ƙwarai bai kai unguwa guda a cikin birnin Kano ba, shi yasa zagaya shi sau bakwai a yini ba abin mamaki bane. Charles Warren ya fara taɓa shi a 1868, Sellin da Watzinger suka yi aiki daga 1907 zuwa 1909, sai John Garstang daga 1930 zuwa 1936 wanda ya samu rusasshiyar ganuwa da toka ya ce shikenan ga ganuwar Joshuwa, wajen shekara ta 1400 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai wata Baturiyar Ingila Kathleen Kenyon ta zo daga 1952 zuwa 1958 ta bi ƙasar hawa hawa da natsuwa, ta gano ganuwar da Garstang ya nuna ta girmi zamanin Yusha'u da kusan shekara 1000, garin da aka ƙone kuma, wanda aka samu tukwane cike da ƙonannen hatsi a ɗakunansa, ta ce wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa aka ƙone shi. Matsalar ita ce masu lissafin tarihin Baibul suna sa shigowar Bani Isra'ila ko wajen 1400 ko wajen 1200, a lokutan nan kuma abinda aka samu a tudun ɗan zama ne kaɗan ba babban birni mai ganuwa ba. A 1990 Bryant Wood ya yi ƙoƙarin dawo da lissafin Garstang, ya kafa hujja da tukwanen da kuma hatsin, yana cewa garin da aka daɗe ana tsare dashi ba'a samun rumbunsa cike, kuma mai cin gari baya ƙona abinci sai in an hana shi ɗauka, amma gwajin kabon, mai nuna shekarun tsohon abu, da aka yi wa hatsin a 1995 ya fi goyon bayan Kenyon, kuma a kan nata ra'ayin mafi yawan masana suke har yau.

Gaskiya kenan ba zan rage maka ita ba, lissafin shekarun da aka ɗora wa labarin Joshuwa bai zauna daidai da abinda aka tono ba. Amma mai bidiyon ya yi tsalle da ya ce an tabbatar babu abinda ya faru. Na farko ganuwar tubalin ƙasa ce, kai da ka san yanda badala ke narkewa a Kano in ba'a yi mata yaɓe ba, ka san abinda ɗaruruwan shekaru zasu yi wa saman kufai da ba kowa, Kenyon da kanta ta yi maganar zaizayar saman tudun. Na biyu kuma wanda ya fi shafarka kai musulmi, Alƙur'ani bai ba da shekara ba, bai ba da sunan gari ba, bai ce ganuwa ta zube ba, to me tonon Tallus Sulɗan zai ƙaryata a cikinsa? Haka kuma kada gobe in an tono wani bango ka taso kana cewa kimiyya ta tabbatar da Alƙur'ani, ganuwar garin nan ta sha faɗuwa ana sake ta, wurin a kan layin girgizar ƙasa yake, ko a 1927 an yi wata babba a yankin. Abin mamakin da aka tono na gaske ma ya girmi duk wannan zancen, wata hasumiya ce ta dutse mai tsayin mita 8 da rabi da matakala 22 a cikinta, an gina ta wajen shekara 8000 kafin haihuwar Annabi Isa, ta girmi dalar Masar da fiye da shekara 5000, lokacin mutanen wurin ko tukunya basu fara ginawa ba. Saboda irin wannan ne UNESCO ta sa tudun cikin wuraren tarihi na duniya a 2023.

Ni abinda ya fi tsaya min a rai shekara da shekaru ina karantar da ayoyin nan shi ne inda Alƙur'ani ya zaɓi ya tsaya. Bai ce komai akan ganuwa ba amma ƙofa ya ambace ta a duka wuraren, a Ma'ida an ce ku shiga ƙofa tsoro ya hana su, a Baƙara ƙofar ta buɗe an ce ku shiga a sunkuye girman kai ya hana su, a tsakani kuma ga mai ɓoye zinare. Jabberan da ake ta tsoro ko sau ɗaya ba'a nuna a ayoyin sun yi musu komai ba, duk ɓarnar daga cikin sansani ta fito. Sahabbai sun fahimci ƙissar a haka, ranar Badar da Annabi ya nemi shawara Miƙdad bin Aswad ya miƙe ya ce ba zamu faɗa maka abinda mutanen Musa suka faɗa ba na kai da Ubangijinka ku je ku yi yaƙi, mu zamu yi yaƙi ta damanka da hagunka da gabanka da bayanka, Ibnu Mas'ud ya ce ya ga fuskar Annabi ta yi haske don murna. Shekara shida bayan nan da aka buɗe Makka, masu sira sun ruwaito ya shiga a kan raƙumarsa ya sunkuyar da kai har gemunsa ya kusa taɓa sirdi, ga mutum 10,000 a bayansa, wannan shi ne shiga ƙofa da sujada da aka nema a wurin waɗancan suka kasa. Don haka in wani ya kawo maka aya ta 21 ta Ma'ida yana cewa ai Alƙur'ani da kansa ya mallaka wa wasu ƙasar har abada ko me suka aikata, ka ce ya karanta zuwa aya ta 26, mutanen da aka ce an rubuta musu su ɗin ne aka haramta wa da suka saɓa.

Garin kuma bai mutu da zamanin Yusha'u ba. Sarki Hirudus ya gina fadojin hunturu a gefensa a can ya mutu, Bukhari ya kawo cewa da Sayyidina Umar ya fitar da Yahudawan Khaibar Taima'a da Ariha ya tura su, Banu Umayya sun gina ƙasaitacciyar fada a arewacin garin da ake kira Ƙasaru Hisham wadda girgizar ƙasa ta lalata a tsakiyar ƙarni na 8, har yau adon duwatsun daɓenta yana nan. Isra'ila ta mamaye garin a yaƙin 1967, a 1994 kuma shi da Gaza ne aka fara miƙa wa hukumar Falasɗinawa. Mutanensa yau Falasɗinawa ne, mafi yawa musulmi da Kiristoci kaɗan, suna noman dabino da ayaba da lemo, kuma Kiristocin Najeriya masu zuwa ziyarar ibada suna yawan tsayawa a can su ga marmaron, wanda su suke kira marmaron Elisha saboda labarin da ke littafin Sarakuna na biyu a Baibul cewa ya zuba gishiri ruwan ya gyaru. Ka tambayi abokin naka ko a cocinsu akwai wanda ya taɓa zuwa, in akwai ka roƙa ya nuna maka hoton tudun da hasumiyar, sannan ku zauna ka karanta masa Ma'ida 20 zuwa 26 shi kuma ya karanta maka Joshuwa sura ta 6 da ta 7.